Sawun Tayata a Burtalin Buba

Ku yaran da kuke zuwa tasha da waya a hannu kuna cewa ga hanya nan an zana, sai dai a bi, ku zauna ku ji. Ban yi boko ba. Abin da na sani ƙasa ce, da abin da take yi wa taya. Na fi shekara talatin ina jan a-kori-kura tsakanin Talatar Mafara, Bakura da ƙauyukan Maradun. Juya sitiyari kowa zai iya cikin sati guda. Sanin inda za a sa taya shi ne aikin.

Maigidana Ɗanjuma mutumin Bakura ne, Allah ya jiƙansa. Na yi damina biyu a bayansa bai bar ni na zauna kujerar direba ba. Aikina shi ne in mun iso rafi in sauka, in naɗe wando, in cire takalmi, in shiga ruwa da sanda. Sandar tana da tsaga guda biyu. Ta ƙasa tsawon salansa ce, ta sama tsawon bakin inji. In ruwa ya wuce tsagar farko, a shiga da giya ɗaya ba tsayawa. In ya taɓa ta biyu, a kashe mota a jira. Ran da na shiga da takalmi saboda ƙaya, ya kira ni ya ce, “Kai Sani, takalmi na jin ƙasa? Hidda shi ka koma.” Na koma. Da tafin ƙafa na koyi bambancin yashi mai riƙe mota da yashi mai haɗiye ta, na san fako, na san burji, na san baƙar lakar fadama wadda da rani ta fi siminti tauri, da damina kuma ta zama kunu.

Kayan aikin ba su da yawa. Sandar nan, shebur, jak, katako biyu masu kauri da igiya. Katakon sun fi kowane abu daraja. Wata rana na ɗauko injin niƙa zuwa Dosara, tayar baya ta nutse a jigawa har gindin mota ya kwanta. Mai injin yana ta kururuwa in ƙara wuta. Wanda ya ƙara wuta a yashi kabarin motarsa yake haƙawa. Na ɗaga ta da jak, na tura katako ƙarƙashi, na rage iskar taya, muka fita a hankali. Daga hantsi har azahar muna wurin. Mutumin bai gode ba, kuma ban jira godiyarsa ba.

Bayan na sami motar kaina, layina ya zama wata tunga a bayan Damaga. Ba zan faɗi sunanta ba. Duk Talata nakan kwaso mutanenta da kayansu zuwa kasuwar Mafara: masu gero, masu albasa, mata masu nono da man shanu. Hanyar tungar ta asali doguwa ce, tana zagaya tudu, amma ƙarƙashinta burji ne. Akwai kuma burtali, wato hanyar shanu da aka ware tsakanin gonaki tun kakanni, wanda ya miƙe daga rugar Fulani ya ratsa fadama zuwa mashaya a bakin gulbi. Mota ba ta bin sa. Ba wanda ya taɓa tunanin haka.

A rugar nan akwai Buba. Sa'ana ne. Shi yana ce mini Kaɗo, ni ina ce masa mai sanda. Matarsa tana cikin fasinjojina na kullum. Ba mu taɓa cin abinci a kwano ɗaya ba sai sau biyu ko uku, amma ba Talatar da ba mu gaisa ba.

Sai mummunar shekara ta zo, shekarar da mutanen daji suka fara zama a kan hanya. Wata Talata da safe na cika mota, mutum goma sha wani abu, mun bar tunga kaɗan, sai ga Buba tsaye tsakiyar hanya da sandarsa a kafaɗa. Na leƙo na ce, “Mai sanda, ka gaji da duniya ne?”

Bai yi dariya ba. Ya matso ya ce a hankali, “Kaɗo, juya. Suna nan gindin kuka, wajen kwalbatin da yak karye. Tun asuba.”

Na ce, “In juya in bi ina? Akwai mai ciwo a baya.”

Ya ce, “Biyo ni.”

Ya shiga burtali da ƙafa, na bi shi da giya ɗaya. Rani ne, laka ta bushe. Ƙaya tana gogar motar ta kowane gefe. Inda akwai rami ya nuna da sanda, in kauce. Muka ɓullo bakin gulbi, daga nan muka hau hanyar Maradun. Ya juya ya koma ba sallama. Ku da kuka tashi a nan kun san abin da Bafulatani yake sayo wa kansa in ya yi irin wannan. Kafin damina ta faɗi an kore masa shanu, aka bar masa 'yan ƙalilan. Bai taɓa cewa don ni ne ba. Ni ma ban tambaye shi ba.

Kuskurena ya fara daga nan. Da abin ya lafa, ban koma tsohuwar hanya ba. Burtali ya fi kusa, yana rage mini mai da lokaci. Na ci gaba da bin sa duk rani. Masu babur suka bi sawuna, wasu direbobi biyu suka biyo. Da damina, in laka ta jiƙe, sai mu daina shiga tungar gaba ɗaya, mutane su fito da kayansu a amalanke. Tsohuwar hanya kuwa ciyawa da sabara suka rufe ta. Shekara nawa ana haka, Buba bai ce mini uffan ba. In na zo yana kora, sai ya kaɗa shanunsa gefe in wuce ina masa hon.

Wata rana ina tasha ina ɗaure taya, wata yarinya ta yi sallama. Hadiza sunanta, 'yar Mafara ce, tana aiki a wani asibiti. Ta durƙusa ta gaishe ni yadda ya kamata, ta tambayi gida da gajiya, sannan ta ce, “Baba, an ce ba wanda ya kai ka sanin hanyoyin ƙasar nan.”

Na ce, “An yi miki ƙarya. Wanda ya fi ni ya mutu.”

Ta yi murmushi ta zauna a kan benci. Ta bayyana mini aikinsu. Su matasa ne daga garuruwa daban-daban, suna zana taswira don Allah, ba mai biyansu. Ana ɗaukar hoton ƙasa daga sama, su kuma su bi hoton su ja layi, su rubuta ko wace irin hanya ce: kwalta, burji, hanyar mota ta ƙasa, hanyar shanu, hanyar ƙafa. Masu kai rigakafi suna duba zanen. Masu tsara gyaran hanya ma suna dubawa. Ta ce sun yi sati uku suna gardama a waya kan layi guda. Wani abokin aikinsu da ke can birni ya ga sawun taya biyu a hoto, ya rubuta hanyar mota. Wata kuma da ta taɓa zuwa wurin ta goge ta rubuta hanyar shanu. Ya mayar, ta sake gogewa. Daga ƙarshe suka ce kada wanda ya ƙara taɓawa sai an ji daga bakin mutanen wurin.

Ta nuna mini wayar. Ban iya karatu ba, amma na san gulbi in na gan shi, na san tudun nan, na san kukar. Layuka biyu farare sun miƙe cikin fadama. Sawun tayata ne. Na nemi tsohuwar hanya a hoton, babu ita.

Kafin a kira taro magana ta riga ta kai tunga. Mutane suka ji cewa in an rubuta hanyar mota, gireda mai gyaran hanya za ta zo wata rana. Na haɗu da Buba a mashaya. Ya tsufa, gemunsa duk ya yi fari. Ya ce, “Kaɗo, na ji motarka ta shiga takarda.”

Na ce, “Haka aka ce.”

Ya ce, “Na ga yadda anka yi wajen dangina a ƙasar Bakura. Gireda ta zo, anka haƙa lambatu, anka kafa rumhuna. Daga baya anka ce shanu na ɓata hanya. In sunka rubuta mota, ni ba ni jiran gireda. Kafin ruwan farko na kwashe.”

Na ce, “Ka tafi ina da tsufanka?”

Ya ce, “Inda saniya ka iya kai bakinta ruwa ba ta taka gonar kowa ba.”

Ba burtali, ba hanyar ruwa. Ba hanyar ruwa, ba zama. Shi ke nan maganar. A wurin nan aka haife shi, a nan ya binne iyayensa.

Aka yi taron ran Laraba da hantsi a ƙofar gidan maigari. Manoma suka zauna gefe guda, Fulani kaɗan gefe guda, mata a bakin zaure. Hadiza ta zo ita kaɗai a bayan babur. Maigari ya buɗe da addu'a, ta yi bayani, sai Malam Isa ya miƙe. Manomi ne, mutumin kirki, kuma yana da hujja. Damina biyu da suka wuce ɗiyarsa ta yi doguwar naƙuda, aka ɗauke ta a amalanke. Ita ta rayu, jaririn bai zo da rai ba.

Ya ce, “Allah shi daɗe da ran maigari. Mu ba mu ƙin shanu. Nonon da muka sha nasu ne. Amma garin da ba shi da hanyar mota a takarda, wa ka tuna shi? A rubuta mota. Ai mota na bi, ga direban nan zaune.”

Wani saurayi ya ce daga baya, “A rubuta kwalta ma, kowa ya huta!” Aka yi dariya.

Hadiza ta ce, “In na rubuta kwalta, Yaya, gobe wani ya ɗauko marar lafiya ya biyo zanena. Alhakin a wuyan wa?”

Wani ɗan'uwan Buba ya yi magana, ya ce burtali ya girmi kowa a wurin. Wani manomi ya ce to ai shanun ma sun ƙare, burtalin me. Murya ta fara tashi. Maigari ya ɗaga hannu, ya juyo ya ce, “Sani, kai ka bi ta kullum. Hwaɗi. Hanyar mota ce ko ba ita ba?”

Rabin mutanen da ke wurin fasinjojina ne. In na ce mota, na ci gaba da gajeriyar hanyata, kowa ya so ni. Na ce, “Ranka ya daɗe, ba hanyar mota ba ce. Burtali ne. Ni na shiga shi, kuma aro aka ba ni na yini ɗaya. Ni ne ban mayar ba.”

Malam Isa ya ce, “Haba Sani! Mu za ka yi wa haka?”

Na ce, “Malam Isa, ran da aka ɗauki ɗiyarka a amalanke, ina nake?”

Ya ce, “Ba ka shigowa da damina.”

Na ce, “Don me? Don laka ce. Ko gireda ta kankare ta sau goma, ruwan farko zai mai da ita kunu. Hanyar da ba ta kai mace asibiti a watan marka ba, ba hanyar mota ba ce. Hanyarku tana nan bayan tudu, burji ne ƙarƙashinta. Na bi ta damina fiye da goma da lodi. Kwalbati ɗaya ne ya karye. Ni na bar ta, ciyawa ta rufe, shi ya sa mai hoton sama bai gan ta ba.”

Saurayin nan ya ce, “Baba, waccan ai ta mutu.”

Na ce, “Tashi mu je ka taka ta. Ka cire takalmi.”

Muka tafi, mutum kamar ashirin. Na ɗauko shebur da sandata. Duk inda na tsaya na kankare ciyawa, jan burji ya bayyana. Na ba Malam Isa shebur ya sara da kansa, ƙarfen ya yi ƙara ya dawo. Hadiza tana biye da waya a hannu, wayar tana ja mata layi duk inda muka taka. A wajen kwalbatin na shiga ramin na auna. Bai kai tsagar farko ba. Duwatsu da gayyar kwana biyu sun isa. Daga nan muka zagayo ta burtali. A tsakiyar fadama na sa aka zuba jarkar ruwa guda a ƙasa, muka jira kaɗan, na ce saurayin ya taka. Ƙafarsa ta shige har idon sawu. Da ya zaro, lakar ta manne masa kamar an sa masa takalmi. Aka yi ta yi masa tsiya har muka iso gari.

A ƙofar maigari aka yanke magana. Za a rubuta tsohuwar hanya a matsayin hanyar mota ta burji, a rubuta cewa kwalbatinta na neman gyara. Burtali a rubuta shi burtali, a ƙara da cewa babur na iya bi da rani. Malam Isa ya ce ya yarda da sharaɗi ɗaya: in an gyara kwalbati, in shigo tungar rani da damina. Na ce na ɗauka, a gaban kowa. Hadiza ta ce za ta kai wa abokan aikinta ƙa'idar da ta gani a nan, su riƙe ta ko'ina: a sa wa hanya sunan abin da take ɗauka duk shekara, kuma kafin a rubuta a tambayi direba, a tambayi makiyayi, a tambayi matan da ke bin ta da kaya a ka. Daga baya ta gaya mini sun ƙara kwana huɗu suna gardama kafin na birnin ya yarda. Ya yarda ne da ya ga hoton ƙafar saurayin nan da ta ɗauka.

Da mutane suka fara watsewa, Buba ya matso wurin Hadiza. Ya ce, “Ɗiyata, nuna min inda kinka rubuta.”

Ta ce, “Ga shi nan, Baffa. Wannan layin. An rubuta hanyar shanu.”

Ya ce, “Ba shi gogewa?”

Ta ce, “Ana iya gogewa. Amma na rubuta cewa gari ne ya zauna ya yanke. Kuma ina dubawa.”

Ta sa yatsa biyu ta buɗe hoton ya ƙara girma. Kusa da mashaya sai ga ɗigo-ɗigo farare a jere cikin burtali, da yawa. Ta ce ba ta san mene ne ba, tana tsammanin duwatsu ne. Buba ya karɓi wayar da hannu biyu, ya kai ta kusa da ido. Ya daɗe yana kallo.

Ya ce, “Ba duwatsu ba ne. Shanu ne. Sun sha ruwa, gida za su.” Ya ƙara dubawa. “Wanga yanki na hoton ya daɗe. Kafin a kore su ne.”

Ya sa ɗan yatsa a kan ɗigon da ke can baya shi kaɗai, ya ce, “Wagga gurguwa ce. Kullum ita ka zama ƙarshe.” Ya miƙa mata wayar, ya ce Allah ya yi mata albarka, ya ɗauki sandarsa.

An yi gayyar kafin ruwa ya sauka. Fulani suka kawo duwatsu a jakuna, manoma suka jera, ni na kwaso yashi sawu shida. Gireda ba ta zo ba har yau, amma masu rigakafi sun shigo da motarsu cikin marka ta tsohuwar hanya, ba su tambayi kowa ba. Ni kuma na koma doguwar hanya. Tana cin mai, tana cin lokaci, fasinja suna ƙorafi duk Talata.

Buba bai tashi ba. Akwai wuri ɗaya a ƙasan tudu inda hanyar mota ta gitta burtali, kuma lokacin fitata yakan zo daidai da lokacin korar shanunsa. In na hango su, nakan tsaya in kashe inji. Shanun ba su da yawa, amma ba ya gaggauta su. Makon jiya wata mai albasa ta buga rufin mota ta ce, “Direba, yi musu hon mana, kasuwa na ci!”

Na ce, “Hajiya, hanyarsu ce. A rubuce take.”

Buba ya zo daidai gilashina, bai ko juyo ba. Ya ce, “Kaɗo, ka iya jira ashe.”

Na ce, “Wuce, mai sanda.”

Sai da ta ƙarshe ta tsallaka na tayar da mota.